Sanin Daji: Baƙin Ɗari a Bakin Tabki

Watan jiya, wannan fili ya yi magana bisa ajiyar harawa da kara don abincin dabbobi. Wannan wata kuwa, magana ta koma bakin ruwa.

Kaka ta wuce. Hatsi ya shiga rumbu. Hunturu ya busa, ɗari ya sauka. A irin wannan lokaci, makiyayin da ya kai shanu shan ruwa da sassafe ya kan tarad da bakin tabki cike da tsuntsaye. Wasu ya san su tun yana yaro. Wasu kuwa baƙi ne. Ba a ganinsu da damina. Ba wanda ya taɓa ganin sheƙarsu ko ƙwansu a ƙasar nan. Su kan zo bayan ruwa ya ɗauke, su tafi kafin zafin bazara ya yi tsanani. Daga ina su ke? Mene ne amfaninsu ga manomi da makiyayi? Kuma me ya sa tsofaffi ke cewa sun ragu? Wannan shi ne karatun wannan wata.

Ruwan ƙasar Dakoro

Ƙasar Dakoro ba ta da kogi mai gudu. Kwarin Tarka tsohuwar hanyar ruwa ce, amma ruwan ya daina gudu cikinta tun zamani mai nisa. Haka Gulbin Kaba da ke kudu. Ruwan sama da ke sauka a shekara bai cika wuce milimetir 400 ba. Wata shekara ko 300 ba ya kaiwa.

Abin da ƙasar ta ke da shi, shi ne tabkuna. Ruwan damina ya kan taru a fadamu da kwaruruka ya kwanta. Yawancin tabkunan su kan ƙafe kafin ɗari ya ƙare. Kaɗan ne ke daɗewa, kamar na Birnin Lalle, da na Akadane a ƙasar Bermo. Bermo ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, amma makiyayan da ke shayarwa a can su ne dai ke cin kasuwannin ƙasar Dakoro.

Babban ruwan jihar Maraɗi shi ne tabkin Madarumfa. Daga Dakoro zuwa Maraɗi kimanin kilometir 120 ne. Daga Maraɗi zuwa Madarumfa kuma kimanin 25, a kudu. Nan kusa ne Gulbin Maraɗi ke wucewa. Yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa jihar Maraɗi, ya koma Najeriya ta wajen Sakkwato. Yana gudu da damina, ya bar guraben ruwa da rani. Wanda duk ya je Madarumfa da ɗari, ya tsaya bakin tabki da safe, zai ga irin tsuntsayen da ya saba gani a gida, amma da yawa.

Ƴan gida

Kafin a san baƙo, sai an san ɗan gida. Waɗannan tsuntsaye na Afirka ne. Nan su ke yin ƙwai, nan su ke ƙyanƙyasa.

Kirinjijiya ita ce agwagwar da ta fi yawa. Fuskarta fara ce, ƙeyarta baƙa, wuyanta dogo. Tana fito sau uku a jere in ta tashi sama. Ta fi yin kiwo da dare. Da rana ta kan tsaya bakin ruwa cikin garke, tana hutawa.

Dinya ita ce babba. Duk Afirka babu agwagwar daji da ta kai ta girma. Namiji ya kan wuce kilo 5. Bayanta baƙi, cikinta fari, bakinta ja. A gaɓar fiffikenta akwai ƙaho mai tsini wanda ta ke faɗa da shi.

Akwai wata agwagwa mai farin ciki da baƙin baya mai ƙyalli. Namijinta yana da ƙulu bisa baki. Ita a kogon itace ta fi son yin ƙwai. In an sare manyan itatuwan bakin tabki, ta rasa ɗaki.

Zalɓe ya kan tsaya cikin ruwa tsit, kamar an kafa sanda, yana jiran kifi ko kwaɗo. Balbela tana bin shanu. Mutane da yawa suna tsammani kaska ta ke ci. A gaskiya, abin da ta fi ci shi ne fara da ƙwarin da ƙafar saniya ke tayarwa daga ciyawa. Jinjimi fari ne mai baƙin kai da lanƙwasasshen baki. Zakaran ƙeƙuwa shi ne mai gadin tabki: da ya hango mutum ko kare, sai ya ɗauki kuka, kowa ya shirya tashi.

Gauraka mai tukku, a da a kan ji kukanta a fadamu da yawa. Yanzu ganinta ya yi wuya ƙwarai. Fadamun da ta ke yin sheƙa sun ragu, kuma an daɗe ana kama ta ana sayarwa don a ajiye a gidajen masu hali.

Shamuwa fa? Kowa ya san ita ce mai albishir ɗin damina. Tana zuwa gab da ruwan farko, ta yi sheƙa bisa itacen tsakar gari, ba mai taɓa ta. In kaka ta yi, sai ta tafi gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke farawa a lokacin. Ke nan, sa'ad da shamuwa ke ban kwana, a lokacin ne baƙin ɗari ke sallama.

Baƙin ɗari

Su waɗannan daga ƙasashen Turai da Rasha su ke zuwa. A can su ke yin ƙwai, a watannin Mayu da Yuni. In sanyin can ya matso, ruwa ya kan daskare ya zama ƙanƙara. Ƙwari su mutu. Ciyawa ta rufe. Tsuntsun da abincinsa ke cikin ruwa da laka, dole ya yi ƙaura. Makiyayi ya san wannan hali, don shi ma ciyawa da ruwa ya ke bi. Tsuntsayen nan ƴan ci-rani ne, sai dai hanyarsu ta fi tsawo. Suna ƙetare tekun Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara. Ruwan farko da su ke tararwa bayan hamada, shi ne tabkunan ƙasashen Sahel. Wato irin na Dakoro, da Tabalak, da Madarumfa, da Gidimuni, da Tabkin Cadi.

Ga yadda a ke gane wasunsu.

Na ɗaya, ƙaramar agwagwa mai launin ƙasa. Ba ta kai kirinjijiya tsayi ba, nauyinta bai kai rabin kilo ba. Tana zaune bisa ruwa kamar ƙwarya. Da ta zo, namiji da mace kusan kamarsu ɗaya. In an shiga watan Fabrairu, namiji ya kan fid da farin layi bisa ido, kamar an zana masa da alli. Kusan duk irin wannan agwagwa da ke Turai, a Afirka ta ke cin ɗari. Ta fi taruwa a fadamar kogin Kwara ta ƙasar Mali, da Tabkin Cadi, da bakin kogin Senegal, da fadamar Haɗeja da Nguru.

Na biyu, agwagwa mai dogon wuya da wutsiya mai tsini kamar tsinke. Namijinta yana da farin ƙirji da kai mai duhu.

Na uku, agwagwa mai faɗin baki kamar cokali. Da shi ta ke tace ruwa, ta riƙe ƙananan halittun da ke ciki.

Na huɗu, ƴan bakin laka. Su ƙanana ne, masu dogayen ƙafafu da siririn baki. Suna tafiya a bakin ruwa suna soka baki cikin taɓo. Wani ya kan zo shi kaɗai, yana kaɗa gindi sama da ƙasa. Wasu su kan zo cikin garke, su tashi tare, su juya tare. Akwai kuma mai baƙin fiffike da farin jiki, da jajayen ƙafafu dogaye kamar kara. Shi wasunsa ƴan gida ne, wasunsa baƙi.

Na biyar, ɗan ƙaramin tsuntsu mai rawayan ciki da doguwar wutsiya, wanda ke gudu tsakanin ƙafafun shanu da tumaki yana cafke ƙuda. Nauyinsa bai cika wuce giram 20 ba. Duk da haka yana ƙetare Sahara sau biyu a shekara. Kafin ya koma, ya kan ci abinci sosai ya tara kitse. Kitsen nan shi ne guzurinsa, don a hamada babu abin ci.

Na shida, wani irin shaho mai dogayen fikafikai, wanda ke shawagi ƙasa-ƙasa bisa ciyawar bakin ruwa. Akwai ɗan'uwansa mai launin toka da ke shawagi bisa gonaki da makiyaya. Masu bincike na ƙasar Holan sun bi shi har Nijar, sun tarar abincinsa a nan yawanci fara ce.

Na bakwai, babbar farar shamuwa mai jan baki da jajayen ƙafafu. Ta fi shamuwar damina girma nesa. In ta buɗe fikafikai, faɗinsu ya kan kai wajen metir 2. Ba ta son tafiya bisa teku mai faɗi, don iskar zafi mai tashi daga ƙasa ita ke ɗaga ta sama. Saboda haka ta kan bi ta inda teku ya tsuke, tsakanin Spaniya da Maroko, inda faɗin ruwa kilometir 14 ne kawai. A Turai bisa rufin gidaje ta ke yin sheƙa, kuma mutanen can suna girmama ta kamar yadda a ke girmama shamuwa a nan.

Zobe a ƙafar agwagwa

Yaya aka yi aka san duk wannan? A ɗauki misali.

Wani tsoho ya kafa taru a tabki don tarwaɗa. Da safe ya tarar ƙaramar agwagwa ta sarƙe a ciki, da ranta. A ƙafarta akwai zoben ƙarfe. Tsoho ya tsaya yana juya ta. Sai ya kira jikansa, wanda ke zuwa karatun yaƙi da jahilci.

Ya ce: "Kai abokina, zo nan. Kai da ka ke fariyar karatu, duba mini wannan. Laya ce, ko kuwa tsuntsuwar mutanen ɓoye ce na kama?"

Saurayi ya durƙusa ya duba. Ya ce: "Kaka, ba laya ba ce. Rubutu ne. Ga harufa, ga lambobi. An rubuta Moskva. Malam ya ce shi ne Mosko, babban birnin Rasha."

Tsoho ya ce: "To, wa ya sa mata, kuma don me?"

Ya ce: "Masu binciken tsuntsaye ne, Kaka. Sun rubuta lambar a littafinsu, da ranar da suka sa, da wurin. In labari ya koma musu cewa an gan ta a nan, sun san hanyar da ta bi."

Tsoho ya yi shiru. Can ya ce: "Wannan ƴar abu ta fi ni tafiya, ni da na je Makka. Kwafe rubutun, ka sake ta. Naman da ke jikinta bai kai a raba ta da gida ba."

Saurayi ya kwafe harufa da lambobi ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta rana da sunan tabki. Ya bar zoben a ƙafarta, ya sake ta. Ran kasuwa ya kai takardar ga ma'aikatan gandun daji.

Abin da ya yi shi ne daidai. Daga Mosko zuwa Dakoro ya fi kilometir 5000. Wato ya fi tafiya daga Dakoro zuwa Maraɗi sau 40. Wani zoben kuma a kan ga an rubuta Paris, ko sunan wani gari na Turai.

Wannan dabara ta zobe, wani malamin makaranta ne na ƙasar Danmak, mai suna Mortensen, ya fara ta a 1899. Kafin nan Turawa ma sun daɗe suna gardama bisa inda tsuntsayensu ke zuwa da sanyi. Har wasu suna cewa cikin laka su ke shiga su yi barci. A 1822, a ƙasar Jamus, aka harbo wata farar shamuwa da mashin Afirka soke a wuyanta. An jefe ta a Afirka, ba ta mutu ba, ta koma gida da mashin. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Ita ce ta zama shaida.

A zamanin yanzu, a kan ɗaura wa wasu tsuntsaye ƴar ƙaramar na'ura a baya, mai nuna inda su ke. Wanda ya ga haka kada ya tsorata. A 2013, a ƙasar Masar, an kama wata farar shamuwa aka kai ta ga ƴan sanda, wai ƴar leƙen asiri ce. Da aka bincika, sai aka tarar na'urar masu binciken tsuntsaye ce.

Amfani da ɓarna

Amfanin farko shi ne cin fara. Shamuwa, da farar shamuwa, da balbela, da shahon makiyaya, duk maƙiyan fara ne. Farar da aka cinye da ɗari ba za ta yi ƙwai ba. Wadda ba ta yi ƙwai ba, ƴaƴanta ba za su ci hatsin baɗi ba. Wannan aiki ne da ba a biya, kuma ba ya sa wa ƙasa guba.

Na biyu, kashin tsuntsaye taki ne ga ruwa. Yana ciyar da ƙananan halittun da kifi ke ci.

Na uku, tsuntsaye alama ce. Tabkin da ke da bado, da ciyawa, da kwaɗi, da kifi, shi tsuntsaye ke so. Kuma shi ne tabkin da ruwansa ke da kyau ga dabbobi. In tsuntsaye sun ƙaurace wa tabki, ruwa ba ya tsami banza. A bincika.

Amma gaskiya ɗaya ce, akwai ɓarna. Dinya da kirinjijiya su kan shiga shuka. Inda a ke noman shinkafa, agwagi da ƴan bakin laka su kan ci iri. Maganin wannan shi ne gadi, da mutum-mutumi, da gwangwani mai ƙara. Kada kuma a haɗa baƙin ɗari da jan baki, ɗan tsuntsun nan mai zuwa dubu-dubu yana cin gero da dawa. Shi ɗan Afirka ne, ba ruwansa da Turai. Laifin wani ba ya hawa kan wani.

Akwai kuma murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 ta ɓulla a Najeriya, a jihar Kaduna. A cikin watan nan kuma aka same ta a Magarya, a jihar Damagaram. An yi asarar kaji da yawa. A watan Janairu na 2021, ta kashe kwasakwasa fiye da 700 a gandun Juj na ƙasar Senegal. Tsuntsayen daji suna iya ɗauko ta, cinikin kaji ma yana yaɗa ta. Tana iya kama mutum. Don haka wanda ya ga tsuntsaye matattu da yawa a bakin ruwa, kada ya taɓa, kada ya ci, kada ya bar yara ko karnuka su ɗauka. Ya hana kajinsa da zabinsa zuwa wurin. Ya gaya wa likitan dabbobi nan da nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Me ya rage su?

Na farko fari ne. Tsofaffi ba su manta 1973 da 1984 ba. Dabbobi sun mutu, rijiyoyi sun ƙafe, mutane sun yi gudun yunwa. Tabkin Cadi, wanda ya kai murabba'in kilometir 25,000 a shekarun 1960, ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma ba a shekarun 1980. Farin nan ya taɓa tsuntsaye har aka gani a Turai. A 1969, masu ƙirga a Ingila suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke cin ɗari a Sahel, fiye da rabinsa bai komo ba. Da aka bincika, sai aka gane farin Sahel ne ya kashe su. Farar shamuwa ma ta ragu a yammacin Turai cikin shekarun farin.

Fari daga Allah ne. Amma sauran dalilai daga hannun mutane su ke.

In an sare itatuwan da ke kewaye da tabki, iska da ruwan sama su kan kwaso rairayi su zuba ciki. Tabki ya cike, zurfinsa ya ragu. Wanda a da ke kai wa bazara, sai ya ƙafe tun da ɗari. In an yi noma har bakin ruwa, ƙasar gona ta kan gangara ciki, kuma hanyar dabbobi ta toshe. Daga nan faɗa ke tashi tsakanin manomi da makiyayi. A ƙasar Dakoro, inda gonaki da makiyaya suka haɗa iyaka, kowa ya san abin da irin wannan faɗa ke jawowa. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa. A 1993 kuma aka kafa dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin kula da filaye. Su ne ke shata burtali da wurin shayarwa.

Mafi muni shi ne guba. Wasu su kan zuba maganin ƙwari cikin ruwa don su kwashi kifi. Wasu su kan jiƙa hatsi da shi, su watsa don agwagi. Guba ba ta zaɓe. Ruwan da ya kashe kifi, shi saniya za ta sha. Shi yaro zai yi wanka ciki. Naman da guba ta kashe, shi za a kai kasuwa. Wanda ya wanke tulun feshi a tabki, shi ma ya zuba guba, ko bai sani ba.

Abin da doka ta ce

Tsuntsun da ke ratsa ƙasashe da yawa, ƙasa ɗaya ba ta iya tsare shi. Saboda haka a ran 2 ga Fabrairu 1971, a garin Ramsar na ƙasar Iran, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya bisa kiyaye tabkuna da fadamu. Nijar ta shiga a 1987. A 2005 aka sa tabkin Tabalak, da na Dan Dutsi, da na Lasuri cikin jerin ruwaye masu muhimmanci ga duniya. A 2019 aka sa Madarumfa da Gidimuni. Wannan bai hana su, ko shayarwa, ko noman rani ba. Abin da a ke so shi ne a ci amfani ba tare da an kashe tabki ba.

Dokar farauta ta Nijar ta ran 29 ga Afrilu 1998 ta ce farauta sai da izini, kuma sai a lokacin da aka buɗe ta. Ta hana farauta da guba. Wasu dabbobi da tsuntsaye kuma ta hana taɓa su sam.

Tsaro yana da amfani, kuma shaida tana kusa. Gandun Gadabeji, mai faɗin hekta 76,000, an keɓe shi tun 1955. A 2018 aka kawo raƙuman dawa 8 daga Kure aka sake su a ciki, bayan shekaru masu yawa babu ko ɗaya a yankin.

Yadda a ke kallo da ƙirga

Tun 1967, kowace shekara a tsakiyar watan Janairu, a kan ƙirga tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa lokaci guda. A Nijar ma'aikatan gandun daji ne ke yin wannan a manyan tabkuna. Amma ƙananan tabkuna suna da yawa, ma'aikata kaɗan ne. Nan ne mai sabon karatu zai yi amfani. Ba sai da madubin hangen nesa ba. Idon makiyayi da ke gane saniyarsa cikin ɗari ya isa. Ga yadda a ke yi:

1. A tafi bayan sallar asuba, ko da la'asar sakaliya. Da tsakar rana tsuntsaye suna hutawa, ƙura kuma tana rufe ido.

2. A sa rana a baya. Wanda ya fuskanci rana, baƙi-baƙi kawai zai gani.

3. A sa tufa mai launin ƙasa. Kada a je da kare. A zauna gindin itace, a yi shiru. In zakaran ƙeƙuwa ya yi kuka, an matsa da yawa, a ja baya.

4. Kada a shiga ruwa ba dalili. Ruwan kwance yana sa tsargiya.

5. A duba abu huɗu: girma, baki, ƙafafu, launi. Wanda ba a san sunansa ba, a rubuta kamarsa. A tambayi tsofaffi da masunta, da Fulani da Buzaye, don kowane harshe yana da sunayensa.

6. In garke ya yi yawa, a ƙirga 10 tukuna, a ga faɗin wurin da suka cika. Sannan a auna sauran da ido: 10, 20, 30. In sun fi haka, a auna da ɗari-ɗari. A ƙirga sau biyu.

7. A rubuta rana, da sunan tabki, da inda ruwa ya tsaya. A kafa alama da dutse ko turke. A sake zuwa wata mai zuwa, a sake zuwa baɗi a rana irin ta yau.

Littafi ɗaya na rubutu ya isa ajin karatu guda. Shekara ɗaya ba ta nuna kome. Amma in an yi shekara biyar ana rubutawa, littafin zai faɗi ko tabki yana raye ko yana mutuwa. Ran da aka je gaban maigari, ko gaban kwamitin filaye, ana neman a yashe tabki ko a buɗe burtali, mai rubutu a hannu ya fi mai cewa "a da ba haka ya ke ba".

Aikin gari

Abin da gari zai yi ba ya bukatar kuɗi masu yawa. A bar fili tsakanin gona da bakin ruwa. A bar itatuwan da ke tsirowa da kansu, kamar bagaruwa da aduwa da gawo, a yi musu sassabe mai kyau. A jera duwatsu a hanyoyin da ruwa ke kwaso rairayi. A ware gefen shayarwa, da gefen garka, da gefe guda da za a bar wa bado da ciyawa. A hana guba, ko ɗan wane ne ya zo da ita. A gaya wa yara masu danƙo su bar baƙi su huta, don sun sha tafiya.

Hausawa sun ce baƙonka Annabinka. Baƙin ɗari ba su roƙon hura, ba su roƙon tabarma. Ruwa mai tsabta kawai su ke so, irin wanda saniya da akuya da ɗan Adam ke so. Garin da ya tsare musu tabki, kansa ya tsare wa.

Ajin karatun da ya yi ƙirga a wannan ɗari, ya ba malaminsa takardar ya aiko wa jarida, da sunan gari da sunan tabki. Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, wannan fili zai yi magana bisa gobarar daji da yadda a ke share hanyar tare wuta.